Sankarar Jinin Yara: Maganin Shekara Biyu Da Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

 

Iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara maku yawan rai. Malamanmu, Allah ya gafarta maku. Abokan aiki ma'aikatan lafiya da suka taso daga Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, da waɗanda suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi, da iyayenmu mata da suka bar hidimar gida suka zo, ina yi maku barka da zuwa.

Cutar da aka ɗora mini yin bayani a kanta yau ita ce sankarar jini, nau'in nan mai saurin tashi da likitoci ke taƙaita sunansa da ALL. Duk cikin sankarar da ke kama yara a duniya babu wadda ta kai ta yawa. Ta fi cafkar 'yan shekara 2 zuwa 5, ko da yake tana taɓa matasa da manya. Na san da yawanmu da mun ji an ce sankara sai mu yi salati, mu fara yi wa iyaye ta'aziyya a zuci. To, wannan tana warkewa. A ƙasashen da suka ci gaba, cikin yara 10 da suka kamu da ita kusan 9 suna tashi, su girma, su yi aure, su hayayyafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ke kamuwa da sankara iri-iri kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na warkewa, a ƙasashe da yawa irin namu kuwa ba a kai kashi 30 ba. Akasarin magungunan iri ɗaya ne can da nan, kuma tsofaffi ne, wasunsu sun girmi yawancin mutanen da ke zaune a wurin nan. Ratar tana wajen zuwa asibiti da wuri, da samun jini, da saurin tare zazzaɓi, da ɗorewa a kan magani har ƙarshe. Galibin waɗannan a gida da cikin gari ake yin su, shi ya sa maganar ta shafi mai unguwa da liman da kaka, kamar yadda ta shafi likita.

Kowa nan ya taɓa fasa ƙashi ya tsotsi ɓargo. A cikin ɓargon nan Allah ya sa ake ƙera jini. Yana fitar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska zuwa sassan jiki, da farare masu yaƙi da cuta, da wasu 'yan mitsi-mitsi masu daskarar da jini idan an ji rauni. Cutar tana farawa ne idan wata farar ƙwaya da ba ta nuna ba ta lalace, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, har ta cika ɓargo ta hana sauran fitowa. Jajaye su yi ƙaranci, sai yaro ya yi fari fat, ya riƙa haki. Farare masu aiki su yi ƙaranci, sai zazzaɓi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Masu daskarar da jini su yi ƙaranci, sai haɓo, sai dasashi ya riƙa jini, sai shatar baƙi-baƙi a fata ba tare da an dake shi ba. Ƙashi ya yi ta ciwo har yaron da ke gudu ya koma sai an goya shi. Kaluluwa ta fito a wuya da hammata da matsematsi, saifa da hanta su kumbura. A yawancin yara ba a san musabbabin lalacewar ƙwayar ba. Abin da aka tabbatar shi ne ba a ɗaukar cutar wajen cin abinci ko kwana ɗaki ɗaya, kuma babu wani abu da uwa ta ci ko ta ƙi ci da ya jawo ta. Na nanata wannan saboda a gidajenmu idan yaro ya daɗe kwance, uwa ake fara kallo, daga nan a koma kan kishiya.

Yanzu ku dubi alamun nan da na lissafa. Wacce ce a ciki ba ta kama da zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko sikila? Nan gizo ke saƙa. Ga yadda abin yakan kasance a yankin nan. Yaro ya yi zazzaɓi, a je kemis a karɓo maganin maleriya. Bai sauka ba, a ce taifot ne, a yi allurai. Ya ɗashe, a kai shi asibiti, a auna yawan jini kawai, a ce jini ya yi ƙasa, a ƙara masa leda ɗaya a sallame shi. Bayan mako uku ya dawo fari kamar ba a taɓa ƙara masa ba. Abokan aikina, wannan dawowa ta biyu ita ce ƙararrawa. Yaron da ba shi da sikila, ya sake buƙatar jini cikin wata guda, ga zazzaɓi, ga kaluluwa ko haɓo, a yi masa cikakken gwajin da ke ƙirga dukkan ƙwayoyin jini iri uku, a shafa jinin a gilashi a duba a madubin likita. In babu halin yi a wurinku, ku rubuta takarda ku tura shi gaba a ranar.

Abu biyu nake roƙon a daina yi wa irin wannan yaro kafin a san abin da ke damunsa. Na farko kai shi wajen wanzami a yi tsaga a kan saifa, ko ƙaho, ko a cire beli. Wanzamai iyayenmu ne, sana'arsu ta gado ce, amma jinin wannan yaro ba ya daskarewa, ɗan yanka kaɗan na iya zubar da shi har ya tafi. Na biyu, ƙwayar nan deksametazon da 'yan'uwanta, waɗanda ake sayarwa barkatai, wasu ma suna sha don ƙiba da sunan sha-ka-fashe. Abin mamaki, tana cikin magungunan cutar na gaskiya. Idan aka ba yaro ita a kemis, kaluluwa takan sace, zazzaɓi ya sauka, ya fara cin abinci, kowa ya yi murna. Sai a je asibiti a duba ɓargo a kasa ganin cutar sosai, bayan 'yan makonni ta taso, kuma ta riga ta fara sabawa da ɗaya daga cikin manyan makamanmu.

Tabbatar da cutar sai a babban asibiti mai likitocin jini da na yara. Ɗaya daga cikinsu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100 daga nan Tambuwal, ta Dogon Daji da Shagari da Bodinga. Can za a sa allura a ƙashin ƙugu, bayan an kashe zafin wurin, a zuƙo ɗan ɓargon da bai cika cokali ba. Iyaye sukan tsorata, su ce za a zuƙe wa yaro ɓargo ya nakasa. Jiki yana mayar da wannan ɗan abin cikin 'yan kwanaki, kuma ba tare da gwajin ba likita lalube zai yi cikin duhu, domin sankarar jini iri-iri ce, kowace da maganinta.

Bari in ɗan koma tarihi, don a cikinsa ne dalilin tsawon maganin yake. A 1948 wani likita a birnin Boston na Amurka mai suna Sidney Farber ya ba da rahoton yara 16 da ya ba wani sabon magani. Guda 10 suka farfaɗo, jininsu ya gyaru, suka tashi suna wasa. Ba a taɓa ganin haka ba. Amma bayan 'yan watanni cutar ta riƙa dawowa. Ko a 1962, lokacin da aka buɗe asibitin yara na St. Jude a birnin Memfis, cikin yara 100 masu wannan cuta kimanin 4 ke tsira. Likitan da ya fara shugabantar asibitin, Donald Pinkel, da abokan aikinsa suka bi hanyar haɗa magunguna da yawa lokaci guda, da bin cutar har inda take ɓuya a ruwan ƙwaƙwalwa da na gadon baya, da ci gaba da ba da magani shekaru bayan yaro ya miƙe. Zuwa farkon shekarun 1970 kusan rabin yaran na warkewa. Wato abin da ya ɗauki likitocin duniya shekara ashirin da wani abu kafin su gane shi ne tashin yaro daban, mutuwar cuta daban.

Maganin, wanda ake kira kemo, hawa uku ne. Hawan farko mako 4 zuwa 6 ne, a kwance a asibiti ko a kusa da shi. Ana haɗa ƙwayar firednisolon ko deksametazon da allurar binkiristin da asfarajinez, wani lokaci da wata jar allura mai suna donorubisin. Kwanakin farko za ku ga ana ta ƙarin ruwa ba ƙaƙƙautawa, ana auna fitsari. Dalili shi ne ƙwayoyin cutar suna mutuwa da yawa a lokaci guda, dattinsu na iya toshe ƙoda idan ba a wanke shi ba. A ƙarshen wannan hawa, a asibitocin da kayan aiki suka wadata, fiye da yara 9 cikin 10 cutar takan kwanta, a duba ɓargo a ga ya yi kyau. Hawa na biyu 'yan watanni ne na magunguna masu ƙarfi, ana zuwa ana dawowa. Hawa na uku shi ne mafi tsawo kuma mafi sauƙi a jiki: ƙwayar makaftofurin kullum, metotireksat sau ɗaya a mako, da zuwa asibiti a kai a kai don auna jini da karɓar allura, har a cika shekara 2 zuwa 3 daga ranar da aka fara.

Me ya sa za a ci gaba da ba yaro magani yana gudu yana tsalle? Lissafi ne. Ranar da aka gano cutar, miyagun ƙwayoyin da ke jikinsa na iya kai tiriliyan 1. Ranar da madubi ya daina ganinsu, ana iya samun miliyoyi, har biliyoyi, da suka rage a ɓoye. Manoman da ke nan sun san ƙuduji a gonar gero da dawa. Ka tuge wanda ido ya gani, gona ta yi kyau, amma irinsa na nan kwance cikin ƙasa yana jiran damina, kuma wanda ya yi sake shekara ɗaya ya san abin da zai tarar baɗi. Haka cutar nan take, kuma idan ta dawo bayan an yanke magani, ta fi ta farko taurin kai nesa ba kusa ba. Wani bincike da aka yi a asibitocin yara na Amurka ya nuna cewa yaran da ke shan ƙasa da kashi 95 cikin 100 na ƙwayoyinsu na kullum, haɗarin dawowar cutar a wurinsu ya haura ninki biyu. Tsallake kwana biyu a wata ya isa ya jefa yaro cikin wannan rukuni.

Akwai wani magidanci daga ƙauyukan kudu da mu da aka kira a waya saboda an daina ganin ɗansa bayan hawan farko. Amsarsa ita ce: "Likita, yaro ya warke. Shina ci, shina wasa, har ƙiba ya yi. Tun zuwan hwarko munka saida shanun huɗa. Ga damina ta kama, mi za mu koma yi Sakkwato?" Ban ga laifinsa ba, domin duk abin da ya faɗa gaskiya ne a idonsa. Ƙibar nan da ya gani, kumburin firednisolon ce. Wasan kuwa alama ce cewa maganin na aiki kuma yaron na cikin masu rabon warkewa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: yaran da ake janyewa a wannan gaɓa galibi su ne waɗanda maganin ya fi karɓa.

Sai wahalhalun da maganin ke jawowa, domin su ne dalili na biyu, bayan kuɗi, da ke sa iyaye su tattara su gudu. Kemo yana bin duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa, don haka yana taɓa gashi da fatar baki da hanji da lafiyayyen ɓargo. An san waɗannan illoli, an san lokacin zuwansu, kuma kusan kowace tana da abin da ake yi mata.

In za ku manta da komai a laccar nan, kada ku manta da zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo mai ƙarfi, fararen ƙwayoyin jini sukan faɗi ƙasa warwas. A wannan lokaci ƙwayar cutar da lafiyayyen yaro zai kawar ba tare da ya sani ba tana iya shiga jinin wannan ta kashe shi tsakanin magariba da asuba. Saboda haka duk gidan da ke da mai shan kemo ya mallaki ma'aunin zafin jiki, a koya wa uwa karanta shi. Ya nuna digiri 38, ko yaro na rawar sanyi, ko ya yi laushi ya ƙi magana, a tashi a lokacin. Kada a ba shi farasitamol a ce a ga abin da gari zai waye da shi, domin zai rufe zafin ne kawai cutar na ci a ciki. Ƙa'idar da ake bi a duniya ita ce allurar kashe ƙwayoyin cuta ta shiga jijiyarsa cikin awa ɗaya da isarsa asibiti. Na san mutumin Kuchi ba zai kai Sakkwato cikin dare ba, balle da halin da hanyoyi ke ciki. Abin yi shi ne tun ranar sallama a karɓi takarda daga likitan da ke kula da yaron, wadda ta faɗi cutarsa da allurar da za a fara masa, da lambar wayar sashen. A nufi asibiti mafi kusa da ita, a fara allurar can, sannan a wuce gaba. A yi magana da mai kabu-kabu ko mai mota tun ana lafiya, a ɗaure kuɗin mai a gefe kada a taɓa. Ku kuma abokan aiki, idan aka kawo irin wannan yaro, kada ya bi layi. Ku gwada maleriya, i, amma ko gwajin ya nuna akwai, kada ku tsaya nan. Maleriya ba ta hana wata cutar zama a jini tare da ita.

Rigakafin wannan ba shi da tsada: wanke hannu da sabulu, gidan sauro kowane dare, tafasa ruwan sha, abinci mai zafi da aka sauke yanzu. A ajiye nonon da ba a dafa ba, da yankakkiyar kankana ta tire, da tsiren da ya wuni a kasuwa. A nisanta yaron daga turken dabbobi da akurkin kaji da wurin sussuka da ƙurar tsohon rumbu. Amma a ciyar da shi, don yaron da tamowa ta kama ba ya jure kemo. Kunun gyaɗa, wake, dafaffen ƙwai, kifi, zogale da aka dafa sosai, duk muna da su. Ƙyanda da ƙarambau na iya halaka mai shan kemo, don haka in sun ɓulla a gida ko makwabta a sanar da likita a ranar, ko yaron bai nuna komai ba. Shi kansa ba a yi masa wasu alluran rigakafi, irin na ƙyanda da ɗigon shan-inna, sai likitansa ya ce. Kariyarsa ita ce a yi wa sauran yaran unguwa nasu. Haka maganin rigakafin maleriya da ake bi gida-gida ana rabawa da damina: yawancin masu wannan cuta suna shan Septrin don kare huhu, kuma ba a haɗa su. A nuna wa masu rabon katin asibiti.

Zubar jini ita ce ta biyu a haɗari. Kada a ba yaron asfirin ko ibufurofen ko diklofenak, kada a yi masa allurar ɗuwawu a kemis, a ɗage kaciya sai an gama. In haɓo ya zo, a zaunar da shi ya sunkuya gaba, a matse tattausan hancin minti 10 ba saki. Bai tsaya ba, ko an ga baƙin kashi ko jini a fitsari, sai asibiti. Akwai kuma wata kyautatawa da ke cutarwa: 'yan dubiya su zo da kwalaben maganin ƙarin jini. Yawancinsu na ɗauke da sinadarin folik asid, shi kuwa metotireksat aikinsa shi ne hana ƙwayar sankara amfani da wannan sinadari. Kada a ba shi ko cokali ɗaya sai an tambaya.

Firednisolon da deksametazon su ne ke canza yaro har kakarsa ta ce an sauya mata jika. Kumatu su cika, tumbi ya fito, ya tashi tsakar dare yana kukan tuwo, ya yi ta faɗa da fushi ba dalili. Wannan duk yana wucewa idan an gama zangon. A rage masa gishiri da zaƙi, a yi haƙuri da halinsa, kada a dake shi. In ya fara yawan ƙishirwa da yawan fitsari a auna suga. Kuma ba a yanke waɗannan ƙwayoyi farat ɗaya bayan an daɗe ana sha, likita ne ke rage su sannu a hankali.

Binkiristin kuwa jijiyoyi yake taɓawa. Yaro ya ce muƙamuƙinsa na ciwo, ko yatsunsa na masa jin-jin, ko a ga yana jan ƙafa yana tuntuɓe, ko ciki ya ɗaure kwana uku ba bayan gida. A faɗa wa likita kafin allura ta gaba, yana iya rage ta, ya ba da abin sassauta ciki. In ana cikin yi yaro ya yi ƙara cewa wurin na ƙuna, a tsayar da nas nan take, don in ya zuba a waje da jijiya yana cin nama. Ga wani abin sha'awa game da shi: daga wata 'yar fulawa ake samunsa, mai fure ruwan hoda ko fari, 'yar asalin Madagaska, wadda za ku gani an shuka don ado a harabar ofisoshi da makarantu. Masu bincike a Kanada da Amurka sun fara duba ta ne a shekarun 1950 saboda an ce tana maganin ciwon suga, sai suka ci karo da wannan. Kada wani ya ji haka ya je ya tafasa ta. Sai an tace tarin ganye mai yawan gaske kafin a samu ɗan abin da ake aunawa, kuma ganyen guba ne.

Sauran zan bi su da sauri. Amai yana da magani mai kyau yanzu, ana ba da shi kafin a sa kemo. Gyambon baki, a riƙa kurkurewa da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri sau da yawa a rana, a bar yaji, a koma kunu da fate. Jar allurar nan ta donorubisin takan mayar da fitsari ja kwana ɗaya ko biyu, launinta ne. Ciwon ciki mai tsanani bayan asfarajinez, ko idanu su yi ɗorawa, ko ciwon kai da farfaɗiya, ba na jira ba ne. Gashi zai zube kuma zai fito. 'Yan mata ne suka fi jin wannan, a taimaka masu da ɗankwali, a kuma tsawata wa yaran unguwa masu tsokana. Allurar gadon baya, da ake ta raɗe-raɗin tana gurgunta yara, ana yin ta ne ƙasa da inda lakar baya ta ƙare, kuma ita ce ta hana cutar ɓuya a ƙwaƙwalwa. Wanda ya ƙi ta ya bar wa cutar mafaka. Ga manya masu wannan cuta, warkewa ba ta kai ta yara ba amma tana samuwa. Su guji ɗaukar ciki ko yin sa a lokacin magani, kuma malamai na nan, za su tabbatar maku mara lafiya yana da rangwamen azumi.

Game da maganin gargajiya, ba zan tsaya ina faɗa da kowa ba. Mu jikokin mutanen da suka ɗauki ilimin magani da daraja ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin mulki, ya zauna ya rubuta littattafai a kan cututtuka da magungunansu. Addu'a da tofi da sadaka, a yi su dare da rana, ba sa karo da kemo. Abin da nake tsoro shi ne jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ake ɗura wa yaro a ɓoye a gadon asibiti. Hantarsa da ƙodarsa suna ɗauke da kaya iya wuya, kuma in suka gaza dole a dakatar da maganin da ke warkar da shi. Wanda ya riga ya ba da wani abu ya faɗa wa likita gaskiya.

Ba zan rufe maku cewa akwai yaran da za a yi wa komai daidai kuma Allah ya karɓi abinsa ba. Ko a nan aikin likita bai ƙare ba. Akwai magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, har da mofin na sha, kuma haƙƙin yaro ne kada ya tafi yana ihu.

Saura kuɗi da jini. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin cewa zuwa 2030 aƙalla kashi 60 cikin 100 na yara masu sankara su riƙa warkewa a ko'ina, kuma wannan cuta na cikin guda 6 da aka sa a gaba. Asusun tallafin masu sankara da Gwamnatin Tarayya ta fara a 2021 da sankarar nono da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza ya soma. A ganina duk wani tallafi na gwamnati, na tarayya ko na jiha, ya kamata ya sa yara a sahun gaba, don a nan ne kuɗi kaɗan ke sayen shekaru sittin na rayuwa. Wakilanmu su ji wannan daga bakinku. Kafin nan, abin da ke karya magidanci sau da yawa shi ne kuɗin mota zuwa Sakkwato wata bayan wata, da abincin mai jinya, da gonar da aka bari ba nomawa. Waɗannan ba su fi ƙarfin gari ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato tana da kwamitoci a gundumomi. Iyayenmu sarakuna, ranku ya daɗe, ina roƙon idan aka samu irin wannan yaro a ƙasarku a rubuta sunansa a matsayin mai buƙata ta shekara biyu, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kowane wata, maimakon a tara masa sau ɗaya a masallaci a manta. Matasa su yi wa mahaifinsa gayya a gona. Mai unguwa ya san ranar komawarsa asibiti, in ranar ta zo ya leƙa gidan ya tambaya ko an tafi.

Jini kuwa ba a ƙera shi a kamfani, kuma yaro ɗaya na iya buƙatar leda da yawa a watannin farko. Lafiyayyen mutum daga shekara 18 zuwa 65, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki na mayar da shi, namiji na iya sakewa bayan wata 3, kuma ba ya rage wa kowa ƙarfin noma ko na iyali. Na ga samari cike da bayan wurin nan. Akwai takarda a bakin ƙofa. Duk wanda ya yarda a kira shi ranar da wani yaron Tambuwal ko Kebbe ke neman jini, ya tsaya ya rubuta sunansa da unguwarsa da lambar wayarsa kafin ya fita. Wanda bai san rukunin jininsa ba ya rubuta hakanan, za a gwada shi.